Kuɗin Goro: Ta'addanci, 'Yan Gudun Hijira da Sunan Musulmi a Turai da Amurka

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Watakila wani ya ce me ya haɗa kifi da kaska? Taron da aka saba zancen rijiyar burtsatse da gyaran ajujuwa, ina ruwansa da gardamar da Turawa ke yi a majalisunsu? Amsar tana zaune a cikin wannan rumfa. A cikinmu akwai waɗanda 'ya'yansu ke karatu a ƙetare, akwai 'yan kasuwar da suka sha bin layin neman biza, akwai kuma mazauna biranen da ake duban hular mutum da sunansa kafin a dubi halinsa. Saboda haka maganar tamu ce.

A Kwalejin Horon Malamai an koya mana wani darasi wanda ba mu san nauyinsa ba sai da muka riƙe makaranta. Idan yaro ya fasa taga, malami ya rasa mai laifi, ya jera aji duka ya zane su, to ya yi asara uku. Mai laifin ya ɓuya cikin taro, marasa laifi sun ƙullaci malami, gobe kuma ba wanda zai zo masa da labari in ya ga ana ɓarna. Wannan shi Bahaushe ke kira kuɗin goro, kuma shi ne muke ganin ya fi ɓata muhawarar da ake yi a Turai da Amurka tun daga shekarar 2001.

Ranar 11 ga Satumba ta wannan shekara, mutum 19 'yan ƙungiyar Alƙa'ida suka fashe jiragen sama 4 a Amurka, suka hallaka mutane kusan 3,000. Wannan ɓarna ce wadda ba ta da uzuri ko kaɗan, kuma akwai Musulmi cikin waɗanda suka rasu. Mutum 15 daga cikin maharan 'yan Saudiyya ne, dukkansu kuma da biza suka shiga ƙasar, babu ɗan gudun hijira ko ɗaya a cikinsu. Bayan kwana 6 Shugaba Bush ya je babban masallacin Washinton ya raba tsakanin Musulunci da ta'addanci a bainar jama'a. Amma kwana 2 kafin ziyarar tasa wani mutum ya riga ya harbe Balbir Singh Sodhi a jihar Arizona saboda rawaninsa da gemunsa, alhali mabiyin addinin Sikh ne, ba ma Musulmi ba. Kun ji inda kuɗin goro ke kaiwa: ba ya ko tsayawa ya tambayi sunan mutum.

Daga nan sai zancen ya koma manufofin harkokin waje. A watan Oktoba na 2001 Amurka ta shiga Afganistan, ta yi shekara 20, ta fita a watan Agusta na 2021, Taliban ɗin da ta kora suka koma kan mulki. A watan Maris na 2003 ta mamaye Iraƙi bisa zargin makaman ƙare-dangi, aka yi ta nema ba a same su ba. Aka rushe rundunar sojan ƙasar, tsaro ya lalace, daga cikin wannan hargitsi kuma ƙungiyar Da'ish ta tsiro, har ta kama birnin Mosul a 2014. Hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib da suka fito a 2004, da tsare mutane kusan 780 a Guantanamo, yawancinsu ba tare da shari'a ba, sun zama jarin masu ɗaukar matasa zuwa ta'addanci. A 2011 jiragen ƙungiyar NATO suka taimaka aka kifar da Gaddafi, makaman Libiya suka watsu cikin Hamada, ba a rufa shekara ba arewacin Mali ya kama da wuta. Hayaƙin wannan wuta mu ma mun shaƙa.

Kowane yaƙi yana haifar da masu gudu. Yaƙin Siriya da ya ɓarke a 2011 ya fitar da mutane fiye da miliyan 6 daga ƙasarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne maƙwabta ne suka ɗauki mafi yawan kayan. Turkiyya kaɗai ta taɓa riƙe fiye da miliyan 3 da rabi, Labanan kuwa, duk da ƙanƙantarta, ta yi rajistar kimanin miliyan 1. A 2015 ne mutane fiye da miliyan 1 suka tsallaka teku zuwa Turai, dubbai suka nutse a hanya. A farkon Satumba hoton gawar wani ɗan ƙaramin yaro, Alan Kurdi, a bakin tekun Turkiyya ya girgiza duniya. Shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel ta ce wa jama'arta za su iya ɗaukar nauyin, Jamus ta karɓi masu neman mafaka kimanin 890,000 a wannan shekara. Hangari kuwa sai ta kafa shingen waya a kan iyakarta.

Adalci ya wajabta mu ji ta bakin masu tsoro, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar 13 ga Nuwamba 2015 aka kashe mutum 130 a birnin Faris, kuma 2 daga cikin maharan sun bi ayarin 'yan gudun hijira ta Girka da fasfo na jabu. A Disambar 2016 wani ɗan Tunisiya da aka ƙi bai wa mafaka ya kutsa babbar mota cikin kasuwar Kirsimeti a babban birnin Jamus, ya kashe mutum 12 a ranar. Wanda ya rasa ɗansa a irin wannan rana ba za a ce masa tsoronsa wauta ba ne. Kowace ƙasa tana da haƙƙin ta san wanda ke shigar mata gida, ta tantance shi, ta kuma auna ƙarfin makarantunta da asibitocinta. A nan ba mu da ja.

Inda muke da ja shi ne inda aka mai da mutum 2 suka zama miliyan 1. Yawancin maharan Faris 'yan ƙasar Faransa ne da Beljiyam, a can suka girma, a can suka yi makaranta. Matan da suka goyo 'ya'yansu suka shiga kwalekwalen roba kuwa, da yawansu wuƙar Da'ish ɗin nan suke gudu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wadda Turawa da kansu suka rubuta bayan abin da suka gani a Yaƙin Duniya na Biyu, ta hana a mai da mai neman mafaka inda ransa ke cikin haɗari. A watan Maris na 2022 Tarayyar Turai ta buɗe wa mutanen Yukren ƙofa cikin 'yan kwanaki, fiye da miliyan 4 suka sami izinin zama da aiki. Abin yabo ne, amma ya nuna cewa sau da yawa zuciya ce ke ƙuntata tun kafin ɗaki ya cika.

'Yan siyasa kuma sun gano tsoro haja ce mai ciniki. Jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta shiga majalisar tarayyar Jamus a 2017, a zaɓen Fabrairun 2025 kuma ta zo ta biyu. A Amurka, Donald Trump ya yi kira a Disambar 2015 da a dakatar da shigar Musulmi gaba ɗaya. Da ya hau mulki, a Janairun 2017 ya sa hannu kan umurnin hana 'yan ƙasashe 7 shiga, wato Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. Abin lura, babu ko ɗaya cikin maharan 2001 da ya fito daga waɗannan ƙasashe. Bayan an yi wa umurnin gyara, Kotun Ƙoli ta amince da shi a 2018 da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. A Janairun 2020 aka hana 'yan Nijeriya bizar zama ta dindindin, Shugaba Biden ya soke dokokin a 2021, sa'an nan a watan Yuni na 2025 Trump ya fito da sabon jerin ƙasashe 12, har da Chadi da Sudan.

Maganar da ake maimaitawa a dandalin siyasa takan sami mai ɗaukar bindiga. A 2011 wani Bature ɗan Norwe ya kashe mutum 77, yawancinsu matasan ƙasarsa, wai don an bar Musulmi suna shigowa. A watan Maris na 2019 wani ya harbe masallata 51 a masallatai 2 na birnin Christchurch a ƙasar Niyu Zilan. A Yulin 2024 aka kashe 'yan mata ƙanana 3 a garin Southport na Ingila, nan da nan aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka ya yi. Aka far wa masallaci, aka kai hari otal-otal ɗin da aka ajiye baƙi, alhali yaron da ya yi kisan a Birtaniya aka haife shi. Sai dai kada mu ma mu yi wa Turawa kuɗin goro. Washegari mutanen garin ne suka fito suka gyara katangar masallacin, kamar yadda lauyoyi suka cika filayen jiragen saman Amurka a 2017 suna taimakon waɗanda aka tsare kyauta.

Jama'a, yanzu mu dawo gida, domin laifi tudu ne. Ranar Kirsimeti ta 2009 wani matashi ɗan Arewa, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin da ke zuwa birnin Detroit. Cikin kwanaki aka sa Nijeriya a jerin ƙasashe 14 da ake tsananta wa bincike, muka ji zafin a kama mu da laifin mutum guda. Amma mahaifinsa da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun watan Nuwamba ya yi gargaɗi a kan ɗansa. Mun kuma ga yadda a 2013 jami'an tsaro suka harbe 'yan ci-rani a wani kangon gini a unguwar Apo bisa zargin Boko Haram, daga baya Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa ta wanke su, ta ce a biya diyya. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi suna hanyar komawa Kano yin Salla, bisa zato kawai.

To, mu da muka ɗanɗana, yaya muke yi wa wasu? Boko Haram ta raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu, wasu suna Diffa a Nijar, wasu a sansanin Minawao a Kamaru, wasu kuma a lungunanmu na birni. Wannan ƙungiya ta kashe masu ibada a cocin Madalla a 2011, ta kashe fiye da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano a 2014. Duk da haka mun ji masu gidajen haya da ke janye mabuɗi da zarar sun ji mutum daga Barno yake, mun kuma ji yadda ake kiran duk mai sanda da saniya ɓarawon daji. Alhali tarihinmu tarihin masu hijira ne. Sarkin Habasha, Kirista, ya bai wa Sahabbai mafaka. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Bayan yaƙin Burmi na 1903 mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka nausa gabas, Sudan ta karɓe su, jikokinsu suna garin Mai Wurno.

Saboda haka muna roƙon 'yan ƙungiya abubuwa huɗu. Na ɗaya, duk labarin hari da ya shigo wayarku, ku dakata har a tabbatar kafin ku tura, domin ƙaryar Southport ma da yatsa aka yaɗa ta. Na biyu, mu san malaman 'ya'yanmu da abokansu na fili da na intanet, in mun ga alamar karkata mu yi magana da wuri, ko da ɗan cikinmu ne. Na uku, idan aka kashe wanda ba addininmu ɗaya ba, mu je ta'aziyya, mu la'anci kisan da irin muryar da muke so a yi mana. Limam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Filato ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a 2018, wannan aiki ya kare sunan Musulmi fiye da jawabi dubu irin namu. Na huɗu, muna ba da shawara kowane reshe na birni ya ɗauki nauyin karatun yaro ko yarinya guda daga cikin 'ya'yan waɗanda rikici ya koro, a kawo rahoto a taron baɗi.

Ba mu da ƙuri'a a Jamus ko Amurka, amma muna da ta cewa a kan ɗakin hayar da ke gidanmu da kujerar da ke ajinmu. Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe ba da haƙƙinsu ba, Ya mai da masu gudun hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kai kowa masauƙinsa cikin aminci.