Ƙofa Nawa Kalangu Yake Bukata? Jawabi a kan Sayen Akwatin Ɗaukar Sauti



An ba mu wannan dama, mu ɗaliban da muka fito daga yammacin Kano, watau ƙasar Ƙaraye da Rogo, domin mu yi bayani a kan wani ɗan akwati na lantarki wanda ake neman a tara kuɗi a saya. Wataƙila wasu su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da kayan lantarki, har da za a ɓata yammacin jama'a a kansa. Abin da ya haɗa mu shi ne, a Yammedi da Turawa da Tudun Kaya, har zuwa Zarewa da Fulatan, akwai makaɗa da mawaƙa waɗanda suka tsufa, 'ya'yansu kuwa da yawa sun kama wata sana'a. In ba a ɗauki muryoyinsu yanzu ba, to babu wani lokacin da za a ɗauka. Kuɗin da ke hannunmu kaɗan ne, sau ɗaya kuma za mu kashe shi. Saboda haka ya wajaba mu san abin da za mu saya tun kafin mu shiga kasuwa.

Shi dai wannan akwati, wanda masu situdiyo suke kira intafes, aikinsa shi ne ya karɓi sauti daga makirufo, ya ɗaga ƙarfinsa, ya mai da shi lambobi, sannan ya miƙa wa kwamfuta ta ajiye. A jikinsa akwai ramuka inda ake soka wayar makirufo, waɗanda a wannan jawabi za mu kira ƙofofi. Kowace ƙofa tana kai sautinta daban, ba tare da ya cakuɗe da na 'yar'uwarta ba. Amfanin haka kuwa, bayan an gama ɗauka an koma gida, ana iya ɗaga muryar mawaƙi in kiɗa ya danne ta, ko a rage ganga in ta yi yawa. In kuwa tun farko ƙofa ɗaya aka bi da su duka, to sun zama kamar fura da nono bayan an dama, babu mai raba su.

Wanda duk ya je Sabon Gari ko ya tambayi samarin da ke aiki a situdiyoyin titin Zoo, abin da za a fara nuna masa shi ne akwati mai ƙofa biyu, irin su Focusrite Scarlett 2i2. Lalle akwati ne mai kyau, ba mu da ta cewa a kan ingancinsa. Amma sai mu tambayi kanmu, wa aka ƙera wa shi? An ƙera shi ne domin mutum ɗaya da ke zaune a ɗakinsa, ya rera waƙa ta ƙofa ɗaya, ya kaɗa jita ko fiyano ta ɗayar. In yana son ƙarin murya sai ya sake dawowa ya ɗora a kan ta farko. Da irin wannan tsari ne waƙar finafinan Hausa ta ginu tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ya riƙa fitar da kwaikwayon kalangu da sarewa da yatsunsa. Ba mu zo nan don mu kushe wannan waƙa ba, mu ma muna saurarenta. Sai dai mu lura, na'ura mai ƙofa biyu ta fi jituwa da fiyano, makaɗa shida kuwa ba su da wurin shiga cikinta, shi ya sa sannu a hankali aka daina kiransu.

Mu ɗauki misali daga manyan da kowa ya sani. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi da kuntiginsa ne kawai; ƙofa biyu ta ishe shi har da saura. Amma Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana tafe ne da masu kalangu da 'yan amshi. Haka nan Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ƙwarya ce da yawa a gabanta da mata masu amshi. Mafi yawan abin da muke da shi a ƙauyukanmu irin na Shata ne da Barmani: kiɗan noma a wurin gayya, kalangun mahauta, kiɗan 'yan dambe bayan kaka, amadar mata a gidan biki. Kiɗa ne na taro.

A nan ne wani zai ce, to ai sai a riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi a birni. Wannan ita ce shawarar da muka fi jin tsoro, kuma muna roƙon a saurare mu da kyau a kanta. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka yadda harshenmu yake yi, har mai saurare ya gane taken da ake kaɗawa. Mawaƙi ya jefa ɗa, kalangu ya amsa masa, 'yan amshi su karɓe tun bai rufe baki ba, sanƙira ya tsoma baki da kirari, wata tsohuwa daga bayan fage ta rangaɗa guɗa, mawaƙin ya ji daɗi ya ƙaro wani ɗan da bai taɓa yi ba. Duk wannan a lokaci guda yake faruwa, kowa yana kallon idon kowa. In ka ware dattijo ɗan shekara saba'in ka sa masa abin ji a kunne, ka ce ya yi waƙa shi kaɗai a kan kiɗan da aka ɗauka jiya, zai yi maka don kunya, amma abin da za ka samu gawar waƙar ce. Tun da ba za a iya raba su a lokaci ba, dole a raba su a ƙofa. Dalilin neman akwati mai ƙofofi da yawa ke nan.

To, ƙofa nawa? Mu ƙirga tare. Mawaƙi ɗaya. 'Yan amshi, ko su huɗu ne, makirufo biyu ya ishe su. Babban kalangu ɗaya, ƙaramin da ke bin sa ɗaya, kuntuku ɗaya. Shida ke nan. Sauran biyu kuwa a kafa su nesa kaɗan, su ɗauko filin gaba ɗaya da tafi da guɗa da hayaniyar yara, domin su ma cikin waƙar suke. Takwas ke nan cif. Mai garaya ko gurmi da yaransa biyu, ƙofa huɗu ta wadatar. Ƙasa da huɗu kuwa bai kamata ma mu tsaya taya shi ba.

Sai kuma a yi hattara da lambobin da ke rubuce a jikin kwali, domin a nan ake kama baƙo. Akwai akwatin Behringer da ake kira UMC1820, wanda sunansa ke nuna ƙofar shiga 18. Amma ramukan da za ka iya soka makirufo takwas ne. Wasu takwas ɗin suna zuwa ne ta wata siririyar wayar haske da ake kira ADAT, wadda ba ta da amfani sai ka sayi wani akwatin na biyu, kamar ADA8200, ka haɗa. Biyun ƙarshe kuma na wata hanyar ce daban. Scarlett 18i20 shi ma makirufo takwas yake ɗauka. Tascam US-16x08 ya ce 16, alhali takwas ne na makirufo, sauran na kayan da suka riga suka zo da ƙarfinsu ne, irin su fiyano. Ba ƙarya kamfanonin suka yi ba, lissafinsu ne ya sha bamban da namu. Saboda haka a juya akwatin a ƙirga ramuka masu ido uku da yatsa. Daɗin daɗawa, akwai miksa masu araha da ke da ƙofa takwas ko goma sha biyu da kuma wurin haɗa kwamfuta, amma da yawa daga cikinsu sai sun gauraye sautin sun mai da shi biyu kafin su aika. Wanda ya sayi irin wannan ya koma gidan jiya, ga kuma nauyi ya ƙara wa kansa. A tambaya, a kuma gwada a gaban mai kanti, a ga layi takwas suna motsi daban-daban a fuskar kwamfuta kafin a ƙirga kuɗi.

Game da kyan sauti, ra'ayinmu shi ne kada mu wahalar da kanmu. Masu kuɗi suna iya gardama a kan bambancin Focusrite da Behringer, kuma akwai bambancin, musamman wajen ƙarko da ingancin manhajar da ke haɗa akwati da kwamfuta. Amma a filin gayya, inda iska ke kaɗawa, awaki na kuka, babu kunnen da zai ji wannan bambanci. Mafi arahar waɗannan akwatuna a yau ya fi na'urar kaset mai layi huɗu, Portastudio, wadda kamfanin Teac ya fitar a 1979 ta zama abin alfaharin mawaƙan Turai da Amurka masu ɗauka a gida. Abin da ya fi damunmu shi ne dukan kalangu yana da kaifi, yakan zo farat ɗaya da ƙarfi, in kuwa ya wuce iyakar na'ura sai sautin ya fashe, ba ya kuma gyaruwa. Maganinsa a nemi akwati mai maɓallin rage ƙarfi a ƙofofinsa, a ɗauka a kan ma'aunin bit 24, a bar wa sauti sarari sosai a sama. Ma'aunin 48,000 a daƙiƙa ya isa. A wannan lissafi ƙofa takwas suna cin wajen gigabait 4 a awa ɗaya, wanda ba wani abu ba ne.

Yanzu ga babbar matsalar da masu rubuta talla a Turai ba su san da ita ba, watau wuta. Akwati mai ƙofa biyu daga jikin kwamfuta yake shan wutarsa, amma masu ƙofa takwas ɗin nan da muka ambata duk sai an soka su a bango. A ƙauye kuwa ba mai shirya taro yana dogara da wutar bango. In aka ta da janareta, ƙararsa za ta shiga kowane makirufo, wutarsa kuma mai hawa da sauka tana iya ƙona akwatin. Hanya biyu ce a gabanmu. Ko dai a haɗa da batir da ƙaramar inbata cikin lissafi, ko kuwa a koma ga na'urorin da ke aiki da ƙananan batura suna ajiye sauti a kati ba tare da kwamfuta ba. Zoom H6, wadda ta fito a 2013, tana da ramukan makirufo huɗu ban da nata guda biyu da ke kanta, batura huɗu take ci. Zoom LiveTrak L-8 tana da ramuka shida, ita ma batura huɗu. Dukansu kuma in an dawo makaranta ana iya haɗa su da kwamfuta su yi aikin intafes. Wanda ya taɓa ɗaukar kaya a bayan babur daga Ƙaraye zuwa ƙauyukan bakin madatsar Challawa da damina ya san darajar kayan da ke shiga jaka ɗaya.

Bayan mun auna duk wannan, abin da muke ba da shawara shi ne mai ƙofa shida da ke aiki da batir, in kuɗin na abu ɗaya ne. Za mu rasa ƙofa biyu, sai mu haɗa 'yan amshi a makirufo ɗaya, filin ma a ɗaya. Ya fi mana mu rasa ƙofa biyu da mu rasa dare guda saboda wuta, domin dattijon da ya tara yaransa yau ba lalle ya iya tara su gobe ba. In kuwa Allah ya hore har aka sami ɗaki na dindindin, to a sa masa mai ƙofa takwas na Behringer ko Tascam, a bar mai tsada sai wata shekara. Ɗakin ma kada a raina na ƙasa. Soro mai kaurin bango, a shimfiɗa tabarmi a rataya barguna, ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano wanda ke amsa kuwwa, ruwan sama kuma ya mai da shi ganga.

Kada kuma ma'aji ya ɗauka da an sayi akwati an gama. Kowace ƙofa tana bukatar makirufo da waya da sandar kafawa, kuɗin waɗannan kuwa sau da yawa yakan kai na akwatin ko ya wuce. Tun da aka saki naira a 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan nan kuwa duk daga waje suke zuwa. Makirufo mai jure wahala, irin wanda ba ya bukatar wuta daga akwati, shi ya dace da ƙurar hunturu da zafin bazara. Shure SM57 da SM58 sun shahara tun shekarun 1960 saboda haka, sai dai shaharar ta sa jabunsu sun cika kasuwa. In an ga farashin ya yi daɗi ƙwarai, a ja da baya. Gara a sayi na ƙaramin kamfani na gaskiya da a sayi jabu mai babban suna.

Akwai sauran magana guda, wadda ba ta lantarki ba ce. Duk makaɗin da za mu ɗauka, a fara zuwa a gaishe shi ta hannun mai gari, a gaya masa abin da za a yi da muryarsa, a biya shi da yaransa kamar yadda ake biyansu a biki. A rubuta sunansa da garinsa da sunan kowane makaɗi da ranar da aka yi ɗaukar. A 1971 David Ames da Anthony King sun buga littafin da ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da masu yinsu, har yau shi ɗalibai ke nema a laburare. Wanda zai zo bayanmu ya sami sauti ba suna, rabin aiki ya samu. A ajiye asalin ɗaukar yadda take, ba tare da an matse ta don aikawa ta waya ba, a wuri biyu daban. Kwafi na farko kuwa a sa shi a kati a mayar wa mai waƙar, ya sa a rediyonsa ya ji da iyalinsa.

Shugaban taro, iyakar bayaninmu ke nan. Takardar lissafin kayan tana hannun ma'aji ga mai son dubawa.