Vom da Tudun Jos: Lambu da Littafi
(Lacca da aka gabatar a Barnawa, Kaduna)



Kogin nan da ya raba Barnawa da tsakiyar birnin Kaduna, wanda muke haye gadarsa safe da maraice ba tare da mun tambayi asalinsa ba, daga tudun Jos ya faro, kusa da ƙaramin garin Vom na ƙasar Berom. Saboda haka idan na ɗauki wannan majalisi zuwa can, ba baƙon wuri na kai ku ba. Tudu ne da ya haura mita 1,200 bisa teku, kuma albarkacin wannan tsawo iskarsa ta yi sanyi, har Turawan mulki da na mishan, waɗanda zafin Kano da Sakkwato ya galabaitar, suka mai da shi wurin shan iska, kamar yadda suka yi da tuddan Indiya. A 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, tana nan har yau.

Amma ba hutu ne ya kai kakanninmu can ba, kuza ce. Tun da kamfanonin Ingila suka fara haƙa a farkon ƙarnin da ya shige, aka kuma ja siririn layin dogo daga Zariya ya isa tudun a 1914, Hausawa suka yi ta hawa, wasu don neman halaliya, wasu kuwa, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, bisa tilas na diban gwamna, kuma da yawansu sanyin da Bature ke nema shi ya yi ajalinsu, domin an kai su ba bargo ba wadataccen abinci. Wajibi ne mu tuna da su da addu'a duk lokacin da ake yabon ni'imar wurin.

Daga hikimar Ubangiji, ramukan da haƙar kuza ta bari sun cika da ruwa, su ne yau manoma ke jan ruwansu da rani suna shayar da kabeji da karas da latas. Dankalin Turawa yana zuwa daga Bokkos da Mangu, a ƙauyen Chaha kusa da Vom ana noman sitiroberi, wasu kuma suna jarraba tuffa da inabi. Wannan kowace uwargida da ke cefane a Kaduna ta san shi.

Abin da ba mu sani sosai ba, wanda kuma shi ne maƙasudin tsayuwata, shi ne cewa duk inda Bahaushe ya kafa zango, malami yana biye da gafakarsa, kuma littattafan da suka hau tudun nan ba su sauko duka ba. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, an fi saninsa da gumakan Nok, alhali kuwa a cikinsa akwai taskar rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, na fiƙihu da nahawu da tauhidi da waƙoƙin wa'azi, har da talifan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello. A 1965 Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka buga fihirisarsu a Landan, suka haɗa ta a mujalladi guda da littattafan da ke Lugard Hall a nan Kaduna, wato tun a lokacin masana sun ɗauki taskokin biyu a matsayin gado ɗaya. Tudun bai tsaya ga adana na da ba: a Bukuru aka haifi Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, mutumin da ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota da talakan gari waƙa a zamanin da makaɗa suka fi karkata ga fada, a Jos kuma aka haifi Abubakar Adam Ibrahim, wanda littafinsa ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016.

Haƙiƙa fitinun da suka auku tun daga 2001 sun sa da yawanmu sun ɗauke ƙafa daga tudun, kuma ba na raina baƙin cikin kowane gida, na Musulmi ko na Kirista. Sai dai takarda ba ta jiran a gama sulhu. Gara da danshi suna cinta a hankali, masu iya karanta warash da tsohon ajami kuwa kullum raguwa suke. Don haka nake roƙon malaman jami'o'inmu da na Arewa House, da ku mawadatan wannan unguwa, a ɗauki nauyin ɗalibai masu Larabci su je Jos da fihirisar 1965 a hannu, su duba littafi bayan littafi, su tantance abin da ya saura, su ɗauki hotonsa, a ajiye kwafi a nan Kaduna inda almajiri zai iya zuwa ya karanta.