Kwana Biyu a Tanti da 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshe, a madadin malaman da ke kula da ƙananan 'yan sikawut



An umarce mu da mu ba da bayanin sansanin da muka yi da ƙananan 'yan sikawut na makarantarmu bayan jarrabawar zangon karatu na farko, daga la'asar ɗin Juma'a zuwa hantsin Lahadi. Za mu faɗi abin da ya yi kyau, mu kuma faɗi inda muka yi tuntuɓe, domin mun ji wasu makarantun reshen nan na son su gwada.

Ranar da muka fara kai maganar gaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai, ɗakin ya yi tsit. Ba mu ga laifin kowa ba. Babu mai ɗa a ƙasar nan da ya manta da Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 cikin dare, ko Kuriga a Maris na 2024, inda abin ya kai har ga 'yan firamare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Can wani dattijo ya gyara murya ya ce, "Malam, in dai jikana zai kwana a waje, to sai in ina jin numfashinsa." Daga bakinsa muka samu mafita. Muka ce to kowane yaro ya zo da babba ɗaya daga gidansu, uwa ko uba, yaya ko kawu, a kwana tare. Muka kuma ajiye zancen daji. Filin makaranta muka zaɓa, mai katanga, a tsakiyar gari, da lambun da ke bayansa. Muka rubuta wa Sakataren Ilimi, muka sanar da mai unguwa da 'yan sanda, 'yan sintirin unguwa kuma suka kwana a bakin ƙofa.

Wani zai ce ai wannan ba sansani ba ne, kwana ne a makaranta. Amsarmu ita ce, shi kansa Baden-Powell da ya kafa harkar, sa'ad da ya yi sansaninsa na gwaji a 1907, ba ƙungurmin daji ya nufa ba. Wani ɗan tsibiri ne mai suna Brownsea a gaɓar kudancin Ingila, da yara 20. Abin da ya gwada a can shi ne raba su rukuni huɗu, ya ɗora yaro a kan kowane rukuni, ya bar musu nauyin kansu. Harkar ta iso Nijeriya a 1915, sashen ƙananan yara kuma aka buɗe shi a 1916, inda ake kasa su shida-shida. Wannan tsari muka bi. Yara 36 muka ɗauka, 'yan shekara 8 zuwa 11, kowane shida da jagoransu daga cikinsu. Maza suka kwana a tantuna a fili, mata a cikin azuzuwa biyu tare da iyaye mata da malamansu mata.

Mun ce tantuna, amma gaskiyar magana wani ofis da ya yi mana alkawarin aro bai cika ba, kuma sai ranar Alhamis muka sani. Tamfol muka aro a wurin masu hayar rumfar biki, muka haɗa da gora da igiya. Daga baya muka gode wa Allah da hakan, don tantin kanti ba ya koya wa yaro ƙulli.

Mun yi zaton yaran ne za su ba mu wuya. Ashe iyayen ne. Tun wajen kafa tantin farko muka ga ubanni sun naɗe hannun riga sun karɓe igiya, yara sun koma 'yan kallo. Da aka ci abincin dare, wata baiwar Allah ta tattara kwanukan rukunin ɗanta gaba ɗaya ta nufi wurin wanki. Dole muka tara manya a gefe, cikin ladabi, muka ce: "Iyayenmu, idonku muka gayyata, ba hannunku ba." Muka ja layi da toka a ƙasa. Tabarmin manya a wancan gefe, aikin yara a wannan. Ba a tsallakowa sai an ga wuta ko wuƙa na neman yin ɓarna. Mu kanmu malamai sai da muka yi ta danne zuciya, domin mun saba da gyara wa yaro kafin ya gama kuskure.

Tantin rukuni na uku ya faɗi sau biyu. A karo na uku wani yaro ɗan aji huɗu ya karɓi igiyar. Wannan yaro mun san shi, a layin baya yake zama, karatunsa na tafiyar hawainiya, ba ya ɗaga hannu. Gidansu suna kiwo, kullum shi ke ɗaure awaki a turke. Ya karkata turakun, ya yi ƙullin da ba ya zamewa, tanti ya tsaya. Sauran rukunai suka riƙa aiko a kira shi. Mahaifinsa na kan tabarma yana kallo, bai ce uffan ba, sai da safe ya same mu ya ce, "Malam, ashe yaron nan yana da kai." Mu ma kunya ta kama mu. Shekara huɗu yana hannunmu, ba mu taɓa ba shi aikin da zai nuna abin da ya iya ba. A kwalejin ilimi an koya mana cewa fahimtar yara iri-iri ce, mun rubuta a jarrabawa mun ci, amma aji mai yara tamanin ba ya barin malami ya gani da idonsa.

Daren farko an yi kuka, ba za mu ɓoye ba. Yara uku suka ce gida za su. Aka bar kowannensu ya je ya zauna da nasa na ɗan lokaci, sannan ya koma tantinsa, kuma duka ukun sun koma. Bayan sallar isha'i wata kaka ta buɗe bakin tatsuniya, Gizo ya yi ta shan dukan da ya saba sha. Da aka kashe fitilu, wani uba ya nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a sama. Yaran da aka haifa a garin nan, mafi yawansu ba su taɓa jin sunan ba. Ranar Asabar kowane rukuni ya kafa murhun duwatsu uku ya dafa shinkafa da wake. Na wasu ya caɓe, na wasu ya kama, kowa kuma ya cinye nasa. Da yamma aka shiga lambu da littafi, suna rubuta sunan kowace bishiya da amfaninta: darbejiya, tsamiya, magarya, zogale.

Yanzu ga inda muka kusa yin nadama. Hunturu ne, sanyin asuba ya fi abin da muka lissafa. Wajen ƙarfe uku na daren Asabar, malamin da ke zagaye ya tarar wani kawu, don tausayi, ya tsallake layin toka ya shigar da kaskon garwashi cikin tantin yara, ya kuma saki tamfol ya toshe ƙofa. Garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mai barci kuma ba ya farkawa ya gudu. Aka fitar da kaskon, aka yaye tantin, aka tashi yaran ɗaya bayan ɗaya. Allah ya tsare. Laifin namu ne, domin mun yi wa iyaye bayanin gidan sauro, da kakkaɓe takalmi saboda kunama, amma ba mu ambaci garwashi ba. Haka kuma sai a wurin muka ji cewa ɗaya daga cikin 'yan matan tana da sikila, alhali sanyi da ƙarancin shan ruwa na tayar da ciwon. Da uwarta ba ta nan da bargo biyu, da labarin ya sha bamban.

Saboda haka muna roƙon reshe abu uku. A fitar da takardar amincewa iri ɗaya ga duk makarantunmu, wadda uba zai sa wa hannu, ya kuma rubuta a ciki in ɗansa na da sikila, asma ko farfaɗiya. A nemi ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ba malaman da ke wannan aiki horon taimakon gaggawa kafin su fita da yaran mutane. Na uku, kada malami ya yi sansani sai da izini a rubuce daga ofishin ilimi, domin ranar da abu ya faru, izinin baki ba ya tsaya wa kowa. Batun kuɗin itace da ruwa da muka biya daga aljihunmu, a wannan albashi da kowa ya sani, mun bar wa shugabanni su duba.

Iyaye sun nemi a sake yi, mun ce sai sanyi ya ja baya, kafin zafi ya kankama. Akwai kuma tocila biyu da bargo ɗaya da aka bari a filin, suna ofishin hedimasta, mai su ya je ya karɓa.