Rubuta Aikin Gobe Tun Daren Yau

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci ranar da aka yaye su a Unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya.

 

Yau kun karɓi takardar shaida, mun gode Allah. To, amma akwai abin da ke damuna. Sau da yawa mutum yakan gama aji ya ajiye fensir. Bayan shekara biyu, ko wasiƙa aka aiko masa sai ya nemi mai karanta masa. Karatu kamar fartanya yake, in an jingine ta sai ta yi tsatsa. Saboda haka na zo muku da wani ɗan aiki da zai riƙe muku karatunku, ya kuma gyara muku sana'a.

Bari in fara da abin da ya same ni. Bara na kai wa wani tela ɗinkin sallar yarana tun goma ga azumi. Gwani ne, kowa ya shaida. Daren salla na je karɓa, na tarar da mutane cike da ƙofar shagonsa, kowa na faɗa. Ko yanka yadina bai yi ba. Mutumin nan ba maha'inci ba ne. Ya riƙe alkawarin mutane da ka, bai rubuta na kowa ba, har ya rasa wanda ya riga wani. Yarana da tsofaffin kaya suka je idi. Shi kuwa ya yi asarar masu kawo masa ɗinki.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ɗan littafin rubutu ne da fensir.

Na farko, kowane dare bayan sallar Isha'i, ka rubuta ayyuka uku da kake son yi gobe. Uku kawai. In ka jera goma ba za ka gama ba, kwana biyu sai ka jefar da littafin.

Na biyu, ka ɗaura kowane aiki a kan lokacin salla. Ba ka bukatar agogo, ladan ya riga ya raba maka yini. Misali: "Bayan Asuba, gyaran rumbu. Bayan Azahar, biyan kuɗin niƙa. Bayan La'asar, dubo mara lafiya." Wanda ya fi wuya shi za ka sa da safe, don da sanyin safiya ake kama fara. Kuma ka gama ɗaya kafin ka taɓa wani. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

Na uku, in ka gama aiki ka ja masa layi. Wanda bai samu ba, shi zai zama na farko a jerin gobe. In ya kwana uku yana bin ka, to ya yi girma ne, sai ka raba shi ƙanana.

Wannan rabawa ba baƙuwa ba ce a nan. Kusfa unguwar malamai ce. Kun san Alƙur'ani izu 60 ne, mai karanta izu biyu kullum yakan sauke a kwana 30. Haka mai ɗinkin hannu a birnin nan, ba a yini ɗaya yake gama aska takwas ba. Kullum kaɗan, har riga ta fito.

Manomi, ka rubuta ranar da ka yi shuka. Masara tana son noman fari cikin mako biyu zuwa uku da shuka. In ka dogara da tunani, sai ka waiwaya ka ga ciyawa ta rigaya ta danne ta. Uwargida, ki rubuta ranar zubin adashi, da wadda ta ci bashin ƙuli-ƙuli, da ranar komawa asibiti don rigakafin yaro. Rigima da yawa tsakanin maƙwabta daga "na biya" da "ba ki biya ba" take tasowa.

A ƙasan jerin nan ka ƙara abu ɗaya wanda ba ya sauyawa: karatu na minti 15. Ko wannan jarida, ko takardar magani, ko littafin ɗanka na makaranta. Minti 15 kullum ya haura awa 90 a shekara.

Na san wani zai ce, ai gobe ta Allah ce. Gaskiya ne. Ka rubuta "in Allah ya so" a saman shafin. Amma iyayenmu da suka faɗi haka, su ne kuma suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

In ka manta kwana ɗaya ko biyu, kada ka ce shi ke nan. Buɗe sabon shafi ka ci gaba. In rubutun ya karkace, ba komai, kai za ka karanta abinka.

Roƙona gare ku shi ne ku fara yau da dare, kada ku jira sabon wata. Bayan kwana 30, kowa ya nuna wa malamin ajinsu littafinsa. Wanda kuma ya ga amfani, ya rubuto mana wasiƙa da hannunsa, za mu buga.

Allah ya sa albarka a cikin lokacinmu, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.