Jawabin Shugabar Mata: Ranar da 'Yarki Za Ta Fara Aiki a Asibitin Masar

Wadda ba ta samu zuwa zama ba, ga abin da na faɗa, don Allah a tura wa sauran mata.

Maganar 'ya'yanmu ce masu karatun likita a Masar, waɗanda za su shiga asibiti koyon aiki, abin da can suke kira imtiyaz. Hajiya, ke da 'yarki ke Alƙahira ko Mansura, da ke nake.

Ranar farko ba ranar hoto ba ce. Da sassafe za ta sa farar riga, ta rataya katin shaida, ta bi babban likita gado-gado, a tsaye har ƙafa ta yi tsami. Zai juyo ya jefa mata tambaya a gaban kowa. To ke kuma a lokacin kike ta danna mata kiran bidiyo don ƙawayenki su ga dakta! Haba Hajiya. Agogonsu yana gaban namu da awa 1, lokacin zafi awa 2, kuma Lahadi ranar aiki ce a can. Ki bari ita ta kira ki.

Abin da zai fi girgiza ta shi ne harshe. Mu da muka yi Islamiyya muna ɗauka Larabci ɗaya ne. Ina! Tsohuwa daga ƙauye ba za ta yi mata Larabcin littafi ba. Jimun ɗinsu "ga" ne, ƙafun kuma haɗiye shi suke yi. Ƙalbi ya koma "albi", waja'i, wato ciwo, ya koma "waga". Yarinyar da ta sauke Alƙur'ani sai ta tsaya tana kallon bakin mara lafiya. In ta kira ki da dare tana kuka, kada ki ce ta tattaro ta dawo. Ki ce ta riƙe ƙaramin littafi tana rubuta kalmomi, ta kuma girmama tsofaffin nas-nas, su suka san lungu da saƙon asibitin.

Tun ranar ta fara neman sa hannun likita a littafin aikinta. In ta dawo gida sai ta zauna jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, kafin a bar ta ta taɓa mara lafiya, kuma takarda ake dubawa, ba labari ba.

Fasfo da iƙama kuwa, ta ɗauki hotonsu ta turo miki. Ba mu manta Afrilun 2023 ba, yadda yaƙin Sudan ya sa ɗalibanmu suka kwashe kwanaki a bakin iyakar Masar.

Sai maganar da ba a so in yi, amma zan yi. Ɗaliba ce har yanzu, ba ma'aikaciya ba. A daina aika mata lissafin anko da gudummawar biki. Masu cewa ai ta gama, a sa rana, su ma su dakata tukuna.

Kowace shugabar mazaɓa ta rubuto mini sunayen iyayen da kuɗin makaranta ko alawus ɗin 'ya'yansu ya maƙale, kafin zamanmu na Asabar. Ni da kaina zan kai wa shugabanni, domin mu muka bi layi a rana muka yi zaɓe.

Allah Ya tsare mana su. Wassalam.