Idan Ƙwaya Kaɗai Ta Gaza



Akwai ciwon damuwa mai taurin kai. An sha magani iri biyu yadda likita ya ce, makonni sun shuɗe, mutum na nan ba barci, ba cin abinci. A nan ne dangi kan ce sammu ne ko iska, su watsar da asibiti. Gaggawa ce wannan.

Likitoci na da sauran dabara: haɗa ƙwaya da motsa ƙwaƙwalwa. Tun 1938 aka soma amfani da lantarki a Italiya, yau kuwa sai an sa majinyaci barci tukuna. A 2008 Amurka ta amince da na'urar maganaɗisu, wadda ake ɗora wa mutum a ka yana zaune a farke. Mutanen garin Aliero, gidan ɗori, sun san gyaran ƙashi ba ya tsayawa sai da ɗauri. Haka lantarkin yake: yana ɗaga majinyaci da sauri, amma in aka daina ƙwayar, sau da yawa ciwon kan dawo.

Wannan ba aikin mai kemis ba ne. A nemi likitan ƙwaƙwalwa, ko da sai an dangana da asibitin tarayya na Kware, Jihar Sakkwato.