Rana Ta Uku Ba Sigari

Duk wanda ya yar da kwalin sigari dare ɗaya ya san rana ta uku ce mai wuya. Nikotin ya kusa ƙarewa a jini, kai na sarawa, ga saurin fushi, har uwargida ta fara tambaya ko lafiya.

Amma kwaɗayin ba ya daɗewa, minti 5 zuwa 10 ya lafa. Ai a watan azumi ma tun asuba har magariba ba ka zuƙa ko sau ɗaya. Sha ruwa, tauna aswaki, ka ƙaurace wa bencin mai shayin da ka saba kunna kara a kai.

Goro kuwa, a rage. Bayan barin taba, sinadarinsa mai hana barci yakan daɗe a jiki fiye da da.